Gaisuwar da Yusif Bai Aika Ba

A takardar gwamnati, aikin Malam Wada shara ne. Shekara talatin da biyar ya yi a asibitin garinmu, ba a samu wanda ya gyara takardar ba, duk da cewa tsintsiya ce abin da ya fi ƙarancin zama a hannunsa. Shi ke tura gado mai taya daga ɗakin maza zuwa ɗakin tiyata. Shi ke danne ƙafar wanda za a yi wa ɗori. Shi ke yi wa sabon likita bayanin abin da tsoho yake nufi in ya ce jikinsa ne ba daɗi, maganar da kan iya zama komai daga mura zuwa ajali. Shi ne kuma mai buga ƙarfe bayan la'asar, wani tsohon ƙarfen mota da aka rataya a jikin darbejiyar bakin ƙofa, don a san lokacin dubiya ya yi.

An haife shi a Kwarin Marke, ƙauyen da yanzu yake ƙarƙashin ruwan Tiga. Yana da shekara tara aka kwashe su aka ba su wuri a kan tudu. Mutanen ƙauyen manoma ne kaka da kakanni, amma da suka ga ruwa ya cinye gonakin sai suka bi shi suna karɓar diyya da koma da ƙugiya, suka zama masunta. Wada ya shiga kwale-kwale sau ɗaya, ya yi amai tun ba a bar gaɓa ba, aka sauke shi, kuma daga nan dangi suka yarda cewa abincinsa a tudu yake. Abin da ya gada daga mahaifiyarsa Furera, wadda ba a yin suna ko biki sai da ita, shi ne sanin mutane. In ka faɗa masa sunanka da garinku, zai faɗa maka wanda ya haifi kakarka da dalilin da ya sa suka bar Doguwa. Bai yi boko ba. Kansa ne littafinsa.

Wanda bai ga dubiya a asibitinmu kafin annoba ba, bai ga taro ba. Ƙarfen Wada na tashi, ƙofa za ta cika da mutanen Burumburum da na Kiru da na bakin ruwa, mata da kuloli, maza da ledar lemo da dafaffen ƙwai. Mutum huɗu za su zauna a gadon mara lafiya, shi kuma ya matsa gefe ya ba baƙi wuri. Kowa zai ba shi labarin wani da ya yi irin wannan ciwo, yawanci marigayi, sannan ya kawo sunan wani sassaƙe da ya fi allurar likita. Nas-nas suna faɗa, ba mai jin su. Mara lafiya kuwa yana kwance da ido rabi a rufe yana lissafin fuskoki. Mutuminmu zai manta sunan maganin da ya warkar da shi, amma ba ya manta wanda bai zo ba.

Sai shekarar korona ta zo. Da farko muka ce ciwon masu hawa jirgin sama ne, kuma tunda mu sai Hajji ke hau da mu, muka kwantar da hankalinmu. Ana gab da ɗaukar azumi aka rufe Kano. Masu neman abinci a birni suka dawo gida ta hanyoyin gona, da tsarabar da ba su san sun ɗauko ba. Cikin mako biyu ɗakin maza ya cika har baranda, yawanci tsofaffi, masu tari da numfashi sama-sama. Aka buɗe tsohon ɗakin masu tarin fuka da ke can baya, wanda awaki suka daɗe da ɗauka nasu ne, aka wanke shi, aka sa masa suna ɗakin killacewa. Tukunyar iska uku ce kawai, ana zagayawa da su gado-gado kamar ludayin fura.

A wannan makon ne aka gano cewa ma'aikata da dama suna fama da asma tun suna yara, ba su dai faɗa ba. Waɗanda suka rage a ɗakin baya su ne Likita Abdulmalik, da Sista Badiyya shugabar nas-nas, da nas biyu, sai Wada, wanda ba a tuna an tambaye shi ko yana da asma ba. Aka ba shi rigar leda daga kai har ƙafa, da takunkumi, da takalmin roba, a tsakiyar zafin bazara. In ya cire takalmin da yamma, sai ya juye gumi kamar mai zubar da ruwan alwala. Ya daina kwana a gida, ya shimfiɗa tabarma a ɗakin ajiye katifu. Matarsa Maijidda kan aiko masa da buɗa-baki a ajiye a gindin katanga.

Sista Badiyya ta sa aka rubuta a ƙofa cewa an hana dubiya, ta kuma hana buga ƙarfe. Mutane suka karanta, waɗanda ba su iya karatu ba aka karanta musu, kowa ya ce gaskiya ne, doka ce mai kyau. Washegari bayan la'asar suka zo gaba ɗaya da kulolinsu suka tsaya a bakin ƙofa, don kowa ya fahimci dokar a kan sauran mutane take. A ciki kuma marasa lafiya sun kasa kunne. Rana ta uku wani tsoho daga Bebeji ya zare allurar ƙarin ruwa ya ɗauki hularsa, ya ce tunda danginsa sun yar da shi, gara ya je ya mutu a gabansu su ji kunya. Wada ne ya taro shi a bakin baranda.

Bayan an mayar da tsohon gado, Wada ya tsaya nesa da Sista ya gyara murya ta cikin takunkumi.

"Ranki ya daɗe, in ba za a bar mutane su shigo ba, a bar gaisuwarsu ta shigo mana."

"Baba Wada, gaisuwa ƙafa gare ta?"

"Ni ina da ƙafa."

Ta dube shi, ta dubi gadajen, ta ce ya gwada, amma in ya taɓa hannun ko mutum ɗaya ita da kanta za ta tsoma shi a durom ɗin ruwan bilic.

Haka aikin ya fara. Bayan la'asar Wada kan tsaya taku uku daga ƙofa. Abinci a juye shi a kwanukan asibiti, gaisuwa kuma a juye ta a kansa. Sai ya shiga ciki ya bi gado-gado yana saukewa, kuma ba ya haɗa ta a dunƙule. Yakan fara da babba, ya biyo da na bayansa, maza kafin surukai, kowa da kalmar da ya faɗa. "Wanka Ilu na gaishe ka, ya ce Allah ya sa kaffara ne. Matarka Husna ta ce ya jiki, ta ce kuma akuyar nan ta haihu, biyu." Mara lafiya ya amsa, Wada ya ɗauki amsar ya mayar bakin ƙofa. Wata rana yakan yi sawu goma sha biyar. Bai taɓa sauke saƙon wani a gadon wani ba, bai taɓa barin amsa ta kwana a cikinsa ba, don a wurinsa saƙo amana ne, kamar kayan da aka ba ka ajiya. Likita Abdulmalik, wanda ya yi karatu har ƙasar waje, ya lura cewa bayan zagayen Wada numfashin ɗakin kan ɗan daidaita. Bai rubuta a fayil ba, don bai san sunan da zai ba abin ba.

A mako na biyu na azumi aka kawo Malam Sunusi, masunci, ɗan shekara saba'in da wani abu, daga unguwar mutanen Kwarin Marke. Ɗan'uwan mahaifiyar Wada ne ta wajen kaka, don haka Kawu yake ce masa. Ya zo yana jan numfashi kamar mai hawan tudu da kaya. Aka ba shi gadon da ke jikin taga ta baya, aka sa masa iska.

Ba ya rasa masu gaisuwa. 'Ya'yansa suna zuwa, jikoki, surukai, abokan kamun kifi. Wada zai tsaya ya jero su tsaf, Sunusi yana saurare har ƙarshe, sannan ya ce, "Shi ke nan?" Wada ya ce shi ke nan. Sai tsohon ya juya fuska bango. Abinci kuwa ko kallonsa ba ya yi.

"Kawu, ga kunu."

"Azumi nake."

"An sauke wa mara lafiya, Kawu. Kuma ai an sha ruwa tun ɗazu."

"To na gobe nake."

Wada ya san sunan da ake jira, kamar yadda duk bakin ruwa suka sani. Sunusi yana da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya, Yusif. Shekara goma sha tara da suka wuce Yusif ya aurar da 'yarsa ta fari, Raihana. A al'adarmu uba ba ya ba da auren 'yarsa da kansa in yana da wa, wan ne waliyyi, shi ake tambaya, shi ke cewa ya bayar. Yusif kuwa, saboda wani ɗan saɓani da suka yi a kan wurin kafa koma, ya ɗauko amininsa ya zaunar a gaban liman, Sunusi yana zaune a sahu na biyu da sabuwar riga. Sunusi ya tashi kafin a shafa fatiha. Bayan shekara shida matar Yusif ta rasu, Sunusi bai je ta'aziyya ba. Daga nan kowa ya samu abin riƙewa, lissafi ya yi daidai, ba wanda zai fara. Gidajensu katanga ɗaya ce ta raba, masallacinsu ɗaya, amma sun ƙware wajen zaɓen ƙarshen sahu daban-daban.

Kwana biyar Sunusi bai sa komai a bakinsa ba sai kurɓin ruwa. Sista Badiyya ta ja Wada gefe.

"Baba Wada, kawun nan naka fa. Ruwan da nake ɗaura masa ba tuwo ba ne. In bai ci ba, iskar nan ɓarnarta muke yi, ga wasu na jira. Kwana biyu na ba shi, in ya yi yawa uku."

Rana ta shida Wada ya tsaya a bakin gadon ya jero sunaye kamar kullum. Da ya kai ƙarshe Sunusi ya ce, "Shi ke nan?" Wada ya ji bakinsa ya buɗe da kansa.

"Kawu Yusif ma ya zo."

Duk ɗakin ya kasa kunne, don rabin masu kwance sun san labarin, sauran rabin kuma an ba su tun kwana na biyu. Sunusi ya ɗaga hannu ya zame abin iskar daga hancinsa.

"Wane Yusif?"

"Naka."

"Me ya ce?"

"Ya ce sannu. Ya ce Allah ya ba da lafiya."

Tsohon ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya yi tambayar da Wada ya kamata ya hango, shi da ya haura shekara talatin yana tsaye a ƙofar dubiya. Ba wanda ke zuwa duba mara lafiya hannu rabbana, balle ƙane, balle bayan shekara goma sha tara.

"Me ya kawo?"

"Ya ce... gobe zai kawo."

"Farfesun tarwaɗa zai kawo. Shi ya san yadda nake so. Ka ce masa na amsa. Ka ce masa kar a cika yaji, ƙirjina ba daɗi." Sannan ya ce, "Ina kunun nan?"

Ya sha rabin kofi. Sista Badiyya ta ga haka daga ƙofa ta ɗaga wa Wada babban yatsa cikin safar hannu. Shi kuwa ya fito da kaya biyu a kansa: farfesun da ba wanda ya yi alkawarinsa, da amsar gaisuwar da ba wanda ya aiko. Farfesu da sauƙi, Maijidda ma za ta iya, sai dai Sunusi zai gane hannun gidansu daga loma ta farko. Amsar ce ta fi nauyi. An ba shi saƙo zuwa ga Yusif, kuma saƙo ba ya da wani mai shi sai wanda aka aika wa.

Da asuba ya tare Malam Sani, limamin masallacin asibiti, ya tsaya daga nesa ya kwashe labari ya faɗa masa, ya tambaya ko azuminsa na jiya yana nan. Liman ya ce malamai sun yi rangwame a kan maganar da aka yi don gyara tsakanin 'yan'uwa, azuminsa lafiya lau.

"Sai dai fatawa ba ta kamo kifi, Wada. Wannan kai za ka nemo."

Ya faɗa wa Sista gaskiya. Ta yi salati, ta ce shekarunta ashirin a aiki ba ta taɓa rubuta wa mara lafiya ƙarya a matsayin magani ba, sannan ta ba shi awa uku, da sharaɗin ya yi wanka da sabulu, ya sa sabon takunkumi, kada ya shiga gidan kowa. Ya ari babur ɗin mai gadi ya bi ta hanyar gona, don a kan titi akwai shingen jami'ai.

Ya samu Yusif da hantsi a bakin ruwa, zaune a inuwar kwale-kwalen da aka kifa, yana ɗinkin koma. Wada ya kafe babur, ya tsaya can nesa ya yi sallama, ya gaishe shi da azumi, da iyali, da ruwa. Yusif ya amsa bai ɗago ba. Ya san inda Wada yake aiki, ya kuma san wanda yake kwance a can, amma bai tambaya ba.

"Kawu, saƙo na kawo. Kawu Sunusi ya ce ya amsa gaisuwarka. Ya ce kar a cika yaji."

Allurar ta tsaya.

"Gaisuwata?"

"E."

"Yaushe na gaishe shi?"

"Jiya bayan la'asar."

"Ni? Jiya bayan la'asar ina tsakiyar ruwa, kowa ya gan ni. Kai ɗan Furera, zafin rigar ledar nan ya taɓa maka kai ne?"

Wada ya faɗa masa komai, kwana biyar ba ci, da abin da Sista ta ce, da rabin kofin kunu. Yusif ya miƙe tsaye, komar ta zube. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin mai satar baki ba sai yau, an san ɓarawon akuya, an san na kaji, amma mutum ya ɗauki bakin wani ya je ya yi gaisuwa da shi? Ya ce matarsa ta mutu, katanga ɗaya tsakaninsu, mutumin nan bai taka ba. Ya ce yanzu za a ce shi ne ya sunkuya. Wada ya bar shi ya gama, don ya saba da masu ciwo.

"Wa ya ji?" in ji Yusif.

"Duk ɗakin."

"Su nawa?"

"Ashirin da biyu. Akwai mutanen Burumburum uku."

"Innalillahi. Ai ya gama duniya." Ya koma ya zauna. Ya ɗauki allurar, ya ajiye. "To me na ce masa?"

"Ka ce sannu, Allah ya ba da lafiya."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Shekara goma sha tara, in tashi in je, abin da zan ce ke nan? Kamar wanda ya haɗu da baƙo a tasha? Kai ko ƙaryar ma ba ka iya ba." Ya juya wajen gidaje ya ɗaga murya. "Raihana! A cikin tarwaɗar asuba ware manyan nan biyu. Ki sa daddawa da yawa, yaji kaɗan. Kar ki tambaye ni."

Raihana, wadda aurenta ya jawo duk wannan, a lokacin tana da 'ya'ya biyar kuma ta zo gida wankan jego. Ba ta tambaya ba. Bayan la'asar ita ce a ƙofar asibiti da kula. Sunusi ya ɗanɗana romon, ya rufe ido, ya ce gishiri ya ɗan yi kaɗan, ya cinye tas.

Yusif bai zo ba, amma daga ranar gaisuwa ta zama ta gaske, don ya ce ba zai bar ɗan Furera ya ci gaba da zuba masa maganar banza a baki ba. Kullum Raihana kan zo da kula da jimla ɗaya daga mahaifinta, Wada ya kai, ya dawo da jimla ɗaya. Jimlolin ba su da taushi. Yusif ya ce a faɗa masa rufin ɗakinsa na baya ya yaye, in bai tashi ya gyara ba damina za ta gyara masa. Sunusi ya ce a faɗa masa mai ido a rufin wani ya fara duba nasa. Wada yana kaiwa yadda aka ba shi, ba ragi ba ƙari, don ya yi wa kansa alkawari sau ɗaya ya isa. A tsakanin nan mutum shida suka rasu a ɗakin, ciki har da tsohon Bebeji mai hula, kuma Wada ne ya kai wa danginsu wannan saƙon ma a bakin ƙofa. Sunusi kuwa ya fara zama da kansa. Aka ɗauke tukunyar iska daga gadonsa aka kai wa wani.

Rana ta tara da fara wannan aike Sunusi ya ce, "Mutum kullum yana zuwa ƙofa, ba zai zagayo ta taga in ga ko ya tsufa ba?"

Wannan ma saƙo ne, Wada ya ba Raihana. Washegari sai ga Yusif da kansa, da wankakkiyar riga, da takunkumin da ya rufe gemu ya bar hanci. Sista Badiyya ta sa aka ja layi da toka a ƙasa, taku biyar daga tagar baya, ta ce in ya tsallake za ta kwantar da shi a gadon kusa da wansa su ƙarasa hirar a can. Wada ya tallafi Sunusi ya jingina shi da ƙarfen taga. Duk mai iya ɗaga kai a ɗakin ya ɗaga.

Suka kalli juna ta cikin waya.

"Ka rame," in ji Yusif.

"Kai kuma ka yi furfura. Ya ruwa?"

"Ya ja baya sosai bana. Dutsen bayan gidanmu ya fito, wanda Inna ke shanya kuɓewa a kai."

"Har shi?"

"Har shi. Na taka na hau shekaranjiya."

Sunusi ya dafa ƙarfen taga. Sannan ya ce in an sallame shi a kai shi ya gani kafin ruwan sama ya rufe. Yusif ya ce sai dai in zai iya zama a kwale-kwale ba surutu. Ba wanda ya ambaci ɗaurin aure, ba wanda ya ambaci ta'aziyya, har Sista ta ce lokaci ya yi. Masu kwance suka mayar da kawunansu, wasu da ɗan jin an cuce su, don sun sa ran kuka.

An sallami Sunusi saura kwana uku Sallah. Yusif ne ya ɗauke shi a babur, kuma an ce sun yi faɗa a hanya a kan ramuka. Bayan wata biyu ɗakin baya ya koma hannun awaki. Aka ci gaba da buga ƙarfe, mutane suka dawo da kulolinsu, sai dai ba kamar da ba. Yanzu da yawa sukan kira a waya su ce ya jiki, mara lafiya ya samu gadonsa shi kaɗai, ya yi ta juyi a kai kamar wanda aka yi wa horo. Ma'aikatan da suka yi fama da asma duk sun warke, wasu har an ba su takardar yabo. Ta Wada ba ta iso ba, mai yiwuwa saboda a takarda shara yake yi.

Sunusi ya ƙara shekara biyu a duniya, kuma ya yi amfani da su yadda ya kamata. Ba ɗaurin aure, ba suna, ba zaman majalisa da zai zauna bai ba da labarin yadda Yusif ya fara zuwa ba. "Ni ina kwance, ban aika ba, ban roƙa ba. Yaro ya ga gaskiya ya tako da ƙafarsa." Yusif yana gefe, ɗan shekara sittin da bakwai, yana kallon ƙasa. Ba zai iya ƙaryatawa ba, don in ya ƙaryata ya zama mutumin da wansa ya kai bakin kabari bai je ba. Sai ya tattara fushin gaba ɗaya ya sauke a kan Wada. Ya daina amsa masa sallama. In sun haɗu a kasuwar kifi, sai Yusif ya ga wani abu mai muhimmanci a sama. Wada bai yi ƙorafi ba. Ya ce gabar ba ta mutu ba, gida ta sauya, kuma gara a kansa, shi da ba katanga tsakaninsu.

Da Sunusi ya rasu, cikin barcin rana, ba tari ba zazzaɓi, Yusif ne ya zauna a kan tabarmar farko yana karɓar gaisuwa kwana uku. Wada ya je rana ta biyu. Ya durƙusa ya yi ta'aziyya, yana shirin tashi ba tare da jiran amsa ba, sai Yusif ya riƙe masa hannun riga ya zaunar da shi kusa da shi. Mutane na shigowa suna fita.

"Shekara biyu ina shan 'Yusif ne ya fara zuwa'," in ji Yusif, ƙasa-ƙasa. "Ya tafi da ita a haka."

"Allah ya jiƙansa, Kawu."

"Amin. Amma ka sani, gaggawa ka yi. Da ka ƙara kwana ɗaya, da na zo da kaina. Na riga na wanke riga."

Wada ya dubi tsohon, ya dubi katangar da ke tsakanin gidajen biyu, wadda aka fasa wa ƙofa bara.

"Haka ne, Kawu," ya ce. "Da ka zo."

Wannan ce ƙarya ta biyu da aka san Malam Wada ya yi a rayuwarsa, kuma a kanta bai je wurin liman ba.